Masu Sayen Turare na Tsakar Rana

Ke Nusaiba, kashe fitilar wayar nan, cajinki zai ƙare kuma ba ki san ranar da za a kawo wuta ba. Hindatu, jawo tabarmar ki matso. Tunda kun ishe ni da naci sai na koya muku yadda ake tsara shafin biyan kuɗi na shagon intanet, to zan koya muku. Amma sai kun fara jin wadda ta koya mini. Kowa ta yi bisimilla. A'a, ba a zuci ba, a fili nake son ji. Yauwa.

Ba tatsuniya zan yi muku ba, kada wata ta ce mini ta zo mu ji ta. Ni abin ya faru da ni, ni Zuwaira da kuke gani zaune a gabanku.

Kun san Balaraba ta gidan Kawu Haladu. Yanzu ko ina ka juya, Anti Balaraba mai turare, Anti Balaraba mai turare. To ni na koya mata. Da hannun nan nawa. Lokacin da ta zo wajena ba ta san bambancin hawi da kajiji ba, sukari take ƙonawa ya yi baƙi ƙirin ta ce wai ta soya turare. Shekara biyu tana gindina tana kallon hannuna. Ni kuwa wajen Iya, kakarmu, na gaji sana'ar, kuma duk zuri'ar nan ni kaɗai Iya ta taɓa cewa ina da hanci. Burina a duniya guda ɗaya ne, ba na ɓoye shi. In mata sun taru a gidan biki ƙamshi ya tashi, a ce wannan haɗin Zuwaira ne.

Da Balaraba ta ga ta yi ido sai ta ware. Ta buɗe nata shagon a intanet. Ni ma ina da nawa, har na riga ta, ga kuma ɗan shagona a saman wani bene a bakin kasuwa inda nake ajiye kaya. Da farko dariya na yi. Wata shida ba a yi ba dariyar ta ƙare. Duk ranar Allah sai na ga ta saka hoton kwalaye an jera, wannan Jos, wannan Sakkwato, wannan Abuja. In na gani sai in zauna ina ƙirga su. Ba zan yi muku ƙarya ba, ƙyashi ne, tsantsarsa. In na tashi da asuba, kafin in duba shagona nata nake fara leƙawa.

Shagon intanet yana da wani ɓangare da mai shi kaɗai ke gani. A nan kike ganin mutum nawa suka shigo, me suka zuba a kwando, a ina suka tsaya. Duk wanda yake ciki a lokacin, ɗan ɗigo kore yana haske a gefen kwandonsa. Ni nawa mutane suna shigowa kam. Su zaɓi turare, su cika kwando, su zo shafin biya, sai ɗigon ya mutu. Mutum arba'in su shigo, uku su biya. Kamar a ce mace ta shigo shagonki ta ɗebi kaya ta zo har gaban teburinki, ta kalle ki, ta ajiye ta fita ba ko sallama.

Wata rana a gidan suna Balaraba ta same ni a gefe.

Ta ce, "Yaya, na leƙa shafinki. Tambayoyin nan sun yi yawa. Ni huɗu kawai na bari."

Na ce, "Au, yau kuma ke ce malamata?"

Ta ce, "Allah ya ba ki haƙuri, Yaya."

Ta wuce abinta. Ni kuwa kwana na yi ina tafasa. Yarinyar da na koya wa riƙe ludayi! Na rantse ba zan bi hanyarta ba ko da ita ce hanyar ƙarshe. Na ce tunda guduwa suke yi, bari in toshe inda suke bi.

Na zauna na rufe ƙofofi. Maɓallin komawa baya na cire shi. Wurin cire kaya daga kwando na ɓoye shi. Na ce ba mai biya sai ya yi rajista, ya ba da cikakken suna, da ranar haihuwa, da imel, da lambar sirri sau biyu, gurbi goma sha huɗu cur. Na saka agogo ja a sama yana ƙirga minti goma, wai in ya cika farashi zai tashi. Na rubuta "saura biyu" a ƙarƙashin kowace kwalba. Na maƙala 'yar humra a kowane kwando ba tare da an ce ana so ba. Kuɗin kai kaya kuwa na ɓoye shi sai a matakin ƙarshe, lokacin da mutum ya riga ya gaji. Na kalli aikina na ce to, mu ga ta inda za ku fita.

Hindatu, daina dariya. Kin ga abin dariya a nan?

Ranar Laraba da hantsi na ga wani kwando. Cike yake taf. Hawi, sandal, farce, kajiji, duk turaruka masu tsadar. Irin sayayyar amarya. Ɗigo kore yana haske a gefensa. Na ce madalla, yau na kama babban kifi. Na jira. Azahar ta yi, bai biya ba. La'asar ta yi, bai biya ba, bai kuma fita ba.

Alhamis na duba. Yana nan. Gurbin suna babu komai. Agogon nan ja ya ƙirga ya ƙare, ya sake farawa, ya ƙare, ya sake farawa. Ɗigon bai ko ƙifta ba. Na ce wata ce ta manta wayarta a buɗe. Amma wace waya ce ke kwana biyu cajinta bai mutu ba? Na kashe kwamfutar na kunna. Yana nan.

Sai ranar Juma'a.

Kun san yadda benen nan yake in an tafi masallaci. Maza duk sun ja ƙofofinsu. Masu gadi ma sun tafi. Janareta a kashe. Rana ta take tsaka, ko tsuntsu ba ya motsi. Iya ta sha gaya mana cewa tsakar rana ba lokacinmu ba ne, amma wa ke jin maganar tsofaffi in yana neman kasuwa? Ni kaɗai a sama. Na zuba garwashi a kasko ina gwada sabon haɗi. Daga nesa ina jiyo huɗuba a lasifika.

Sai na daina jin ta. Ba a hankali ba. Ɗif.

Matakalar benen ta ƙarfe ce. Na ji ana hawowa. Ƙwas. Ƙwas. Ƙwas. Ba takun silifa ba ne, ba na takalmi mai tsini ba ne. Na ce a raina ko akuyar wani ce ta ɓata. Sai hayaƙin kaskona, da yake tafiya sama tsaye, ya karkata. Babu iska. Ya kwanta ya nufi ƙofa.

Wata mata ce a tsaye. Doguwa. Hijabinta ruwan toka har yana jan ƙasa. Fuskarta ba tsohuwa ba, ba yarinya ba. Leɓenta ya motsa, sai daga baya na ji sallamar, kamar bidiyon da hoto ya riga murya. Na amsa da ƙyar.

Ta ce, "Ke ce mai ɗakin da ba shi da ƙofa?"

Na ce, "Hajiya, ga ƙofa nan kin shigo ta cikinta."

Ta ce, "Ba wannan ba."

Ta nuna kwamfutata da haɓa. Ta shigo ta zauna a kan bencin masu saye. Da ta zauna sai bakin hijabin ya ɗan ɗaga.

Nusaiba, sake mini hannu, kina mintsinina.

Kofato ne. Irin na jaki. Tsaf-tsaf, a wanke. Kuma an yi masa lalle, ja jawur, da zane mai kyau har idon sawu.

Na fara ayatul kursiyyu, na kai rabi ta kakare mini.

Ta ce, "Ƙarasa mana. Mu ma muna karantawa." Ta ɗora mini daga inda na tsaya, har ƙarshe. Sannan ta ce, "Ba cutar da ke na zo yi ba. 'Yata na zo ɗauka. Tun Laraba tana cikin ɗakinki. Jibi za a kai ta ɗakin miji."

Na ce, "Ni ban riƙe kowa ba."

Ta ce, "Kin riƙe. Mu a wajenmu, wanda ya ɗauki kayan mai kaya a kasuwa ba ya barin wurin sai ɗayan biyu. Ko ya biya, ko ya mayar inda ya ɗauka. Haka aka yi mu. Ta zo biya, kin ce sai ta faɗi sunanta. Mu ba ma ba bil'adama sunanmu. Ta zo mayarwa, kin ɗauke hanya. Tana tsaye da kwando a hannu kwana uku. Agogonki yana razana ta. Ta yi kuka har muryarta ta dushe."

Na kalli ɗigon nan kore. Wallahi sai na ga kamar yana rawa.

Ta ce, "Zauna ki buɗe."

Na zauna. Sau uku ina kuskure lambar sirrina. Ban ji ta taso ba, sai dai na ji sanyi a bayan wuyana. Tana tsaye a kaina.

Ta ce, "Wa ya taɓa tambayar ki ranar haihuwarki a wajen mai tumatir?"

Na ce, "Babu."

"Cire."

Na cire. Na cire imel, na cire lambar sirri, na cire rajistar gaba ɗaya. Na rubuta cewa baƙo ma zai iya saye ya wuce. Ta sa na bar abin da za a kira mutum da shi in an kawo kaya, ko laƙabi ne, da lambar waya, da inda za a kai, da yadda zai biya. Na ƙirga a zuciyata. Huɗu. Daidai da na Balaraba. Ko a wannan halin sai da abin ya sosa mini rai.

Ta ce, "Wannan jan abin fa?"

Na ce, "Agogo ne. Don a yi sauri."

"In lokacin ya cika farashin yana tashi?"

Na ce, "Ba ya tashi."

"Kashe shi. Ba a yi wa baƙo ƙirge."

Ta karanta "saura biyu". Ta juya a hankali ta dubi kantata. Kwalabe sun fi talatin a jere, iri ɗaya. Kunya ta kama ni fiye da tsoro, na goge da kaina. Humrar da na cusa ma na zare ta.

Ta ce, "Nawa ne kuɗin kaiwa?"

Na faɗa mata.

"Me ya sa sai a ƙarshe? Kin taɓa ganin an gama ciniki, an ce an sallama, sannan mai kaya ya ce af, akwai saura? A kasuwarmu wanda ya yi haka ba ya sake shimfiɗa. Ɗauko shi ki kai sama. Mutum ya ga jimlar da idonsa kafin ya taɓa aljihu."

Na kai shi sama. Na rubuta jimlar da manyan baƙaƙe a jikin maɓallin biya. Ta sa na ƙara cewa wanda bai yarda da kati ba ya yi tiransifa, wanda bai yarda da tiransifa ba ya biya in kaya sun isa hannunsa. Ta ce kuma in mutum ya miƙa kuɗi a gaya masa an gani, a gode masa, a faɗa masa ranar da kayansa za su iso, kada a bar shi yana zare ido.

Sannan ta ce, "Yanzu ƙofar."

Na mayar da maɓallin komawa. Na mayar da wurin cire kaya, a fili, a gefen kowace kwalba. Na danna na adana.

Muka zuba wa allon ido, ni da ita.

Sandal ya fita daga kwandon. Sai hawi. Sai farce. Ɗaya bayan ɗaya, a hankali, kamar mai jera kaya a kanta don kada su fashe. Kajiji ne ƙarshe. Kwando ya zama wayam. Ɗigon ya yi haske sau ɗaya, ya mutu.

Wata iska mai sanyi ta wuce ta ƙafafuna. Na ji ƙamshin ƙasa in an yi ruwan farko. A kan matakala na ji ƙananan taku suna sauka da gudu, da shessheka irin ta wadda ta gaji da kuka.

Matar ta sauke numfashi. Ta juya za ta tafi.

To a nan ne na kashe kaina. Da na yi shiru da yanzu wani labarin nake ba ku. Amma masu iya magana sun ce baki shi ke yanka wuya. Sai kawai na ji bakina ya ce, "Au, ba ta sayi komai ba?"

Ku ji fa! Kofato a gabana, ni ciniki nake tunani.

Ta tsaya. Ta ce, "Yarinta ce ta kawo ta. Ta ji ana cewa haɗinki ya fi, ta zo gani. Mu wajen Balaraba muke saye."

Wallahi tallahi, tsoron nan duk sai ya gudu. Balaraba! Mutane Balaraba, aljanu ma Balaraba! Ashe kwalayen nan da take jerawa tana ɗaukar hoto har da nasu a ciki. Idona ya rufe.

Na ce, "Me turarenta ya fi nawa?"

Ta ce, "Bai fi ba. Naki ya fi."

"To me ya sa?"

Ta dube ni, ta daɗe tana dubana. Sannan ta ce, "Kin sakar mini 'ya ba gardama. Ba ma tafiya da nauyin mutum. Roƙi abu ɗaya."

Nusaiba, da ke ce me za ki roƙa? Lafiya? Aikin hajji? To ni ko ɗaya bai zo mini a rai ba. Fuskar Balaraba kawai nake gani, tana cewa "Allah ya ba ki haƙuri, Yaya".

Na ce, "Ku bar ta. Ku dawo wajena."

Ta ce, "Dukanmu?"

Na ce, "Dukanku."

"Ba ki tambayi ko mu nawa ba ne."

"Ko ku nawa ne."

"Da bakinki kika roƙa?"

"Da bakina."

Ta yi murmushi. Shi ne karo na farko da na ga haƙoranta, kuma ba zan gaya muku yadda suke ba, don kuna son yin barci. Ta ce, "Duk Juma'a, rana tsaka. Da hannunki za ki kawo, ba a aike. Ba a ce mana babu." Ta gaya mini wurin, wani tsohon kududdufi da ya ƙafe a bayan gari. Ƙwas, ƙwas, ƙwas, ta sauka. Sai huɗubar ta dawo kunnena, a daidai kalmar da ta tsaya.

A cikin makon oda ta fara sauka. Gurbin suna sai ka ga an rubuta "Mai jan zane", ko "Ta gindin dutse", ko "Uwar amarya". Adireshi ɗaya ne duka. Kuma suna biya, ban taɓa bin su ko sisi ba. Na yi ta murna. Na jera kwalaye na ɗauki hoto na saka, na zauna ina jiran Balaraba ta gani.

Ga abin da ban lura da shi ba sai daga baya. Mutane ma sun fara biya. Mutane irinmu, masu yatsu biyar a ƙafa. Da shafin ya zama mai sauƙi, in arba'in sun shigo sai fiye da rabi su biya. Wata Hajiya daga Kaduna har saƙo ta turo mini, ta ce yanzu ta ji daɗin saye. Kun gane? Gyaran nan kaɗai ya ishe ni. Abin da nake nema ya riga ya zo hannuna tun kafin in buɗe baki.

Amma waɗancan ba sa ƙoshi. Yau suna, gobe biki, jibi tarewa, su kullum cikin sha'ani suke. In na soya tukunya guda, kafin ta huce sun saye. Turare kuwa ba tuwo ba ne, sai itace ya jiƙu, sai ya kwana, sai ya tsumu. Na ɗauki masu taya ni, sai aljanun suka dawo da kayan, wai ba hannuna ba ne. Matan mutane su shigo shafina mai kyau, mai ƙofa, mai gurbi huɗu, su tarar an rubuta "ya ƙare". Yanzu kuma gaskiya ce, ba irin ta da ba. Su dawo gobe, ya ƙare. Su dawo jibi, ya ƙare. Ina kuke zaton suka koma?

Sau ɗaya na gwada ƙin zuwa. Bikin 'yar ƙawata ne, na ce Juma'a ɗaya dai ba za ta kashe kowa ba. Na ware kayan na sayar wa mutane. Washegari na tashi hancina ya mutu. Na sa daddawa a hanci ban ji komai ba. Na ƙona sandal, kamar na ƙona takarda. Kwana bakwai a haka, ina kuka ni kaɗai a ɗaki, sai da na kai musu ninki biyu sannan ya dawo. Ban sake ba.

Ranar da abin ya kai ni bango na tafi gidan Balaraba. Na tarar da ita a tsakar gida ta miƙe ƙafa tana cin gyaɗa, mata uku suna jiran a ɗaure musu kaya. Ta ga idona, ta ja ni ɗaki ta rufe ƙofa.

Ta ce, "Yaya, wajenki suka koma ko?"

Na ce, "Kin sani?"

Ta ce, "Juma'ar da ba su turo oda ba na san wata ta roƙa. Ban san ke ce ba sai da na ga kwalayenki."

Na ce, "Ke ya aka yi kika same su?"

Ta sunkuyar da kai. Ta ce, "Bayan na bar wajenki, akwai wata Hajiya a kasuwa da nake jin haushin cinikinta. Da bakina na roƙa, ni ma. Ba sa barin mutum, Yaya, sai wata ta yi ƙyashinsa ta roƙe su da kanta."

Na daɗe ina kallon ta. Na ce, "Balaraba, hotunan kwalayen nan da kike sakawa kullum. Don wa kike sakawa?"

Ta fashe da kuka. Ta ce, "Wallahi ban yi nufin ke ba. Amma ranar da suka tafi sai da na yi sujada."

Har yau ban san ko na yarda da ita ba.

Shekara uku ke nan. Makon jiya a bikin gidan Alhaji Mudi ina zaune ƙamshi ya tashi, wata mata a kusa da ni ta shaƙa ta ce, "Kai, wannan sai Balaraba." Ta juyo ta ce mini, "Ke kuwa Zuwaira kin daina turaren ne?" Ni da hannuna bai taɓa hucewa daga tukunya ba. Na haɗa turaren da ko Iya ba ta haɗa irinsa ba, kuma babu mahalukin da zai shaƙa ya faɗi sunana. A kududdufi nake ajiye shi in juyo ba waiwaye. Na shiga banɗakin gidan bikin na yi kukana na wanke ido. A da cinikin Balaraba nake ƙyashi, yanzu har barcinta nake ƙyashi.

To ga karatunku. In kun tashi yin shafinku, ku bar wa mutane ƙofa, ku faɗi kuɗi tun farko, kada ku tambayi abin da ba ruwanku. Kada wadda ta kuskura ta zauna ita kaɗai a shago ranar Juma'a da tsakar rana. In kun ji taku a matakala, hayaƙi ya kwanta, ku bar komai ku fita.

Saura guda ɗaya, kuma ita ce babba. Ku matso.

Na yi wa kaina alkawari ba zan jawo kowa ba. Amma ni mutum ce, ina gajiya. Akwai ranakun da nake tashi bayana kamar ya karye, sai in ga na ɗauko leshina mafi tsada, na zuba gwal, na jera kwalaye na ɗauki hoto. Ina sane da abin da nake yi, kuma ba na iya hana kaina. In kun ga na shigo gidan nan a haka, ina yanga, ina karkaɗa mukullin mota, ku kau da kai. Kada ku ce ina ma ni ce. Ko a zuci kada ku faɗa.

Hindatu, tun ɗazu nake ganin idonki a kan zoben nan nawa. Ɗauke idonki.